Sai Furen Bakin Ƙofa Ya Zuba

Saura kwana biyu a buɗe farautar talotalon daji a kudancin Alabama, Nola ta shiga shagon kayan gini ta sayi sarƙa da kwaɗo, ta wuce fadamar rafin Tallow ta kulle ƙofar. Ta ja kwaɗon sau biyu ta tabbatar ya kama, ta jefa makullin a aljihun wandonta, sannan ta nufi bukkar mafarauta don ta faɗa musu da bakinta. Ba ta son su ji a bakin wani.

Fadamar tata ce. Kakarta Ardelia ta gaje ta a wurin mahaifinta, da za ta rasu kuma ta tsallake 'ya'yanta uku ta rubuta wa Nola, domin a cewarta ita kaɗai ce take shiga dajin ba don ta kashe wani abu ba. Eka ɗari shida ne na manyan itatuwa da filin ciyawa a tsakiya, kuma fiye da shekara hamsin ke nan mazan gidansu a nan suke farauta. Nola tana da shekara ashirin da bakwai. Ta yi digiri biyu a kan namun daji, ta dawo gida tana koyar da kimiyya a sakandaren garin.

Ta tarar da su a bukkar suna goge bindigogi, tukunyar kofi a kan murhu. Bangon gabas na bukkar shi ne abin alfaharinsu. Namijin talotalo yana da tuntun gashi a ƙirji da ake kira gemu, duk wanda ya harbo ɗaya sai ya yanke gemun ya kafe shi da ƙusa a bangon, ya rubuta sunansa da ranar a ƙarƙashi. Layin sama duk sunan mutum ɗaya ne: Hollis, kakanta, mijin Ardelia, kuma kusan duk ranar buɗewa ce, tsakiyar Maris. Layukan ƙasa kuwa gemun tsilla-tsilla ne. Shekara uku ke nan Hollis bai kafa ko ɗaya ba.

"Ga Farfesa," in ji Kawu Royce, ƙanen mahaifiyarta, mutum mai tumbi da dariyar da ke riga maganarsa fitowa. "Kin zo ki koya mana ta inda harsashi ke fita?"

"Na zo in gaya muku na kulle fadama, Kawu. Ba mai shiga jibi."

Tsumman da ke hannun Royce ya tsaya cak.

"Gwamnati ta buɗe, ke kin rufe?"

"Gwamnati ta buɗe nata. Wannan nawa ne."

Ta yi musu bayani a tsaye, ba ta ɗaga murya ba. A tsakiyar Maris matan talotalo ba su gama haɗuwa da namiji ba. Su ke zaɓar namijin da suke so, babban cikinsu, wanda ya fi kowa kuka, kuma shi ne farkon wanda mafarauci ke ji ya je ya harbe. Idan ya faɗi, matan ba sa karɓar na biyu nan take. Sai mazan sun sake faɗa a tsakaninsu, matan sun sake zaɓe, kafin nan makonni sun wuce. Ƙwai ya zo a makare, wasu ma babu. A jira mako uku matan su hau kan ƙwai, daga nan kowa ya harbi abinsa.

"To ashe aure muke kashewa," in ji Royce. Mazan suka fashe da dariya. "Farfesa, talotalo sun yi yawa a dajin nan har suna hana ni barci. Jiya da asuba shida na ji daga bakin titi."

"Ni biyar," in ji wani daga lungu.

Nola ta dubi kakanta. Yana zaune kusa da murhu, shekararsa saba'in da tara, yana juya abin kiransa a hannu: ƙasusuwan fiffiken talotalo uku da aka haɗa kamar ƙaramar sarewa, wanda idan ka tsotsa yake yin kukan mace. Ta yi tsammanin zai yi faɗa. Bai ko ɗaga kai ba. Wannan ya fi dariyar Royce yi mata ciwo, amma ta zuba wa kanta kofi ta shanye a gabansu kafin ta fita, don kada a ce guduwa ta yi.

Washegari da yamma ta je gidansa. Tun tana nesa ta hango shi a baranda, kafin ta kashe mota ya riga ya jawo mata kujera.

"Tun daga kwanar coci na ji wannan akwalar taki," ya ce. "Ki sa a duba mata baya, tana ƙara."

Ta zauna. Ya daɗe yana kallon titi.

"Ki kulle, 'yar nan. Ni ba abin da ya dame ni. Farauta ta riga ta bar ni."

"Ƙafa ce?"

"Kunne." Ya faɗa kamar mai amsa laifi. "Shekara uku ban ji kukan talotalo ba sai jefi-jefi. Mu tsaya wuri ɗaya da Royce, mu rabu, mu dawo bukka ya ce ya ji shida, wane ya ce biyar. Ni in yi shiru, ko in ce ni ma na ji. Har na je birni a ɓoye na sayo abin nan na sa wa a kunne. Iska kawai yake ƙara mini. Yana cikin durowa. Idan kika gaya wa uwarki sai na saɓa miki."

Nola ta dube shi, ta dubi motarta da ya ji tun daga kwanar coci, kusan rabin mil. Ta tashi ta ɗauko kwamfutarta daga kujerar baya.

A bara ta ɗaure ƙananan rikoda shida a jikin itatuwan fadamar, suna kunna kansu kowace asuba, kwana arba'in. Ta rage sautin can ƙasa ta kunna masa. Kwaɗi, mujiya, ƙananan tsuntsaye. Can sai ya ɗaga yatsa.

"Ga shi can. Ta wajen tsohuwar gada."

Ita kanta sai da ta dubi allon kafin ta tabbatar. Ta wuce zuwa wata asubar, da wata. Duk lokacin yatsansa ke riga idonta.

"Wannan na gada ne. Wannan kuma mai shaƙaƙƙiyar murya ne, na bakin fili. Ina sauran?"

"Babu sauran, Kaka. Su biyu ne. Kwana arba'in, rikoda shida, su biyu. Kunnenka lafiyarsa lau. Dajin ne ya yi shiru."

Hollis ya jingina da kujera. Fuskarsa ta yi ja tun daga wuya.

"Shida," ya ce. "Ɗan banzan yaron nan. Tun yana ƙarami kifin da ya kama yake girma a hanya kafin ya iso gida. Ni kuma na zauna na gaskata shi a kan kunnena."

"Kowa yana jin kunyar ya ce bai ji ba, shi ya sa kowa ke ƙarawa."

"Kada ki yi mini lacca, na san mafarauta tun ba a haifi uwarki ba." Ya juyo gare ta, kuma fushin bai bar ta ba ita ma. "Ke kuma kina ganin kin yi abin kirki. Shekara nawa kike so abin naki ya ɗauka?"

"Uku. Wataƙila huɗu."

"Ni shekara nawa kike ganin sun rage mini? Tun ina saurayi ban taɓa fashin ranar buɗewa ba, har shekarar da aka haifi Royce, kakarki tana asibiti ina gindin itace. Yanzu kin ce mini kunnena na nan, kuma kin kulle ƙofa."



"Na kulle, Kaka. Idan ban kulle ba, baɗi ko biyun ba za ka ji ba."

Ta fara naɗe wayar kwamfutar.

"Surukina, uban Ardelia, bai san ranar gwamnati ba," ya ce, idonsa a kan titi. "Itacen dogwood ɗin nan na bakin ƙofa yake kallo. Ba ya ɗaukar bindiga sai farin furen ya fara zuba. Mu samari muna yi masa dariya, muna cewa tsufa ne ya hana shi tashi cikin sanyi." Ya ja tsaki. "Ni ban ce ki yi komai ba. Labari na ba ki."

Nola ta lissafa a ranta. Furen yakan fara zuba a makon farko ko na biyu na Afrilu, daidai lokacin da littattafanta suka ce matan sun hau ƙwai. Washegari ta rubuta a kan katako ta rataya a ƙofar: ZA A BUƊE IDAN FUREN YA ZUBA.

Shekarar farko ta sha wuya, ko da yake ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Sau biyu aka datse sarƙar, sau biyu ta sayo wadda ta fi ta kauri. Daga nan ta ga ba sarƙa ce za ta tsare ƙofar ba. Kowace asuba takan zo ta gindaya a-kori-kurarta a bakin ƙofar, ta zauna a kan bonet da kofi a flas da takardun ɗalibai tana duba su da ƙaramar fitila, sai bakwai ta yi ta wuce makaranta. Motoci kan zo, fitilunsu su haska ta, su tsaya kaɗan, su juya. Ita kuma ta ɗaga musu kofin.

A coci matan dangi suka rage mata fara'a. Ranar Ista matar Royce ta dafa abinci ta kira kowa, ta manta da ita. Mahaifiyarta ta kira ta a waya.

"Nola, tsuntsu ne fa. A kan tsuntsu za ki raba gida?"

"Mama, ba ni na manta da kowa ba."

Ta soya ƙwai ta dama faten masara da man shanu ta ci a barandarta, kuma abin mamaki ya yi mata daɗi. Gaskiyar magana, asubar nan ta bakin ƙofa ta fara shiga ranta. Tana ganin yadda hazo ke tashi daga rafi, yadda dogwood ke fara toho kore-kore, ya buɗe ya yi fari fat kamar an shanya zannuwa a cikin daji. Kuma kowace safiya na gada da mai shaƙaƙƙiyar murya suna amsa wa juna, ba wanda ya katse su.

Wata asuba a ƙarshen Maris ta makara da minti goma. Fitilarta ta haska Kawu Royce ya rungume itacen da hannu biyu yana girgiza shi da dukan tumbinsa. Fure uku suka faɗo masa a hula.

Ta sauke gilashi.

"Sannu da aiki, Kawu. In kawo tsani?"

"Ƙarfinsa nake dubawa," ya ce yana haki. "Kada ya faɗo miki a kan mota."

"Allah ya saka. Ga kofi."

Ya karɓa ya sha, don sanyi ake yi, ya miƙa mata kofin ya tafi ba sallama.

Da furen ya zuba ta cire kwaɗon ta buɗe ƙofar wangwame. Ba wanda ya zo. Sun haɗa baki sun tafi farauta gonar wani a wata ƙaramar hukuma, su nuna mata ba sa bukata. Nola ba ta damu ba, domin fushinsu ya ba mazan talotalon nan biyu shekara guda kyauta. Ta hana a yanke ciyawar fili sai Yuli, saboda a nan matan ke ɓoye sheƙa. Ta yi duk abin da ta sani. Sai a watan Mayu aka yi kwana tara ana ruwa mai sanyi, daidai lokacin ƙyanƙyasa, kuma ɗan tsakon talotalo ba ya jure jiƙa. Duk yawon da ta yi a watan Yuni mace ɗaya ta gani da 'yan tsaki biyu.

"Biyu," in ji Royce a gidan mai, da ƙarfi don na bayan layi su ji. "Shekara guda, digiri biyu, tsaki biyu. Kowane digiri da nasa."

"Ni dai na gan su da idona, Kawu," ta ce. "Ba ji na yi daga bakin titi ba."

A motar kuwa sai da ta riƙe sitiyari na ɗan lokaci kafin ta iya tayar da ita.

Da hunturu Hollis ya kwanta ciwon huhu, mako biyu a asibiti. Ya fito ya rame, yana tafiya da sanda. Ana saura mako guda ranar buɗewa ta shekara ta biyu Royce ya zo gidanta. Bai kira ta Farfesa ba, ya cire hularsa a bakin ƙofa.

"Nola, ba wasa na zo ba. Kin ga yadda Baba ya koma. Likita bai yi mana alkawarin komai ba. Mu duk mun haƙura, ba mai shiga. Shi kaɗai, ranar buɗewa, tsuntsu ɗaya. Idan ya tafi bana bai samu ba, da wane ido za ki dubi bangon nan?"

 Ta ce zai ji daga gare ta. Kwana biyu makullin yana mata nauyi a aljihu. Tsuntsu ɗaya, amma ta san wane ne: babban, wanda matan suka zaɓa, domin Hollis bai taɓa harbin ƙarami ba. Idan kuma ta buɗe sau ɗaya don tausayi, baɗi wani ma zai zo da nasa dalilin. Idan ta ƙi, tsohon ya mutu, dangi ba za su yafe mata ba, ita ma ba ta tabbata za ta yafe wa kanta ba.

Ta je ta same shi a baranda, bargo a kan gwiwarsa.

"Kawu ya ce in buɗe maka."

"Na sani. Me kika ce?"

"Zan kai ka ranar buɗewa. Amma bindiga a gida za ta kwana."

"Ni ɗan yawon buɗe ido ne? Ban taɓa shiga daji da hannu biyu kawai ba."

"To ka shiga da kunnuwa biyu. Kai ka ce shekara uku ba ka yi amfani da su ba."

"Taurin kan Ardelia sak," ya ce. "Ita ma haka ta sa na bar taba." Ya ja bargon. "Ƙarfe biyar. Kada ki makara, kuma kada ki kawo mini wannan kofin naki mai kama da ruwan wanki."

Ta kai shi har bakin fili a mota, ta zaunar da shi a gindin wani ƙaton itace a kan matashi. Gari ya fara washewa. Mujiya ta yi kuka, na gada ya amsa mata. Hollis ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Mai shaƙaƙƙiyar murya ya biyo, yatsa na biyu. Sai wani daga can ƙasan rafi, sai wani a bayansu, kusa har Nola ta ji shi a ƙirjinta. Tsohon ya dubi yatsunsa huɗu, ya dube ta.

"Ba ƙari?"

"Ba ƙari, Kaka. Ni ma huɗu na ji."

Babban ya sauko daga itace tsakiyar fili, ya baza wutsiya, yana jan fikafikai a ƙasa, mata biyar kewaye da shi suna kiwo kamar ba su san da shi ba. Hollis ya ciro ƙashin kiransa daga aljihun riga ya tsotsa sau uku, a hankali. Namijin ya miƙa wuya ya amsa da dukan ƙarfinsa, amma bai matso ko taku ɗaya ba. Ya sake kira, ya sake amsawa, ya juya musu baya ya bi matansa.

"Ɗan iska," in ji Hollis cikin jin daɗi. "Mai mata biyar ina ruwansa da ta shida a cikin ciyawa. Yau ko da bindiga na zo, zaman banza zan yi." Ya mai da ƙashin aljihu. "Shi ya sa surukina yake dawowa da nama mu muna dawowa da labari. Idan matan suka hau ƙwai, da hantsi sai ya waiga ya ga ba kowa. Lokacin ko tari ka yi sai ya zo."

"Abin da littafi ya ce ke nan."

"Littafin naki a wurin surukina ya kwafa."

Da furen ya zuba a shekarar, sanyin wannan asubar ya riga ya mai da shi gado da tari, bai samu fita ba. Royce ya daina yi mata magana gaba ɗaya. Nola ta ɗauki wannan ma ta haɗa da sauran. Kowace yamma bayan makaranta takan kai wa tsohon romon kaza da abin da rikoda ta ɗauko, su zauna yana lanƙwasa yatsu. Mayun shekarar ya zo da rana. Wata safiya a Yuni ta tsaya a bakin fili ta ga ciyawa tana motsi: mata uku sun haɗa garke, 'yan tsaki na tsalle suna cafkar fara. Ta ƙirga sau uku don kada ta zama Royce. Goma sha tara.

Hollis bai mutu ba. Ya ce yana da aiki a Afrilu.

A shekara ta uku ba wanda ya taɓa sarƙar. Ta ci gaba da zuwa bakin ƙofar da asuba don ta saba, wani lokaci kuma takan tarar da motoci biyu ko uku a gefen titi, injin a kashe, gilashi a sauke, mazan suna saurare. Ranar tara ga Afrilu iska ta kaɗa da daddare, da safe ƙasan itacen ya yi fari. Ta cire kwaɗon ta rataya shi a jikin sarƙar.

Hollis ya ƙi fita da asuba. Ya ce mai shekara tamanin da ɗaya ba ya gaggawa. Ya ci ƙwai da faten masara, ya sha kofi biyu, sai ƙarfe tara suka isa gindin ƙaton itacen. Royce ya biyo su a baya ɗauke da bindigar da kujerar ninkewa, shi ba a gayyace shi ba, shi kuma bai nemi izini ba. Filin fayau, ba mace ko ɗaya. Duk suna kan ƙwai.

Tsohon ya tsotsi ƙashin sau uku. Daga ƙasan rafi aka amsa tun bai sauke hannu ba. Ya jira. Amsa ta biyu ta zo daga rabin tazarar. Ya ajiye ƙashin a kan gwiwa, ya miƙa hannu ba tare da ya waiga ba, Royce ya sa masa bindigar. Nola ta ga jan kan namijin ya ɓullo daga cikin ciyawa, ya tsaya, ya baza wutsiya, yana tahowa yana neman wadda ta kira shi. Bakin bindigar yana rawa. Ta matso a hankali ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin gwiwar hannun kakanta, rawar ta tsaya.

Harbi ɗaya ya yi.

Royce ne ya ruga ya ɗauko shi, yana haki, ya ɗaga shi ta ƙafafu. Gemun ya kai tsawon tafin hannu da rabi. Kafin su gama dubawa wani ya yi kuka daga wajen gada, wani ya amsa masa daga bayan fili.

A bukka Hollis ya kafe gemun da kansa, ƙusar tana kuɓuce masa, bai yarda kowa ya karɓi hamar ba. Ya rubuta sunansa da tara ga Afrilu. Matar Royce ta yanka ƙirjin tsuntsun ta jiƙa a madara ta soya da gari, ta zuba wa Nola a faranti kafin kowa.

"Yau da asuba daga bakin titi," in ji Royce da baki cike, "wallahi na ji goma sha..."

Hollis ya ajiye cokali ya dube shi.

"Bakwai," in ji Royce. "Bakwai na ji, Baba."

"Bakwai ne," in ji Nola.

"To Farfesa, gobe layina ne ko sai na cike takarda?"

"Ƙofa a buɗe take, Kawu. Ɗaya kowane mutum, mutum biyu bana, Kaka ya ci nasa. Ƙananan mazan kuma a bar su su yi gemu."

Royce ya buɗe baki zai yi ciniki, ya dubi ubansa, ya mai da hankali kan farantinsa.

Da za ta tafi ta biya ta bakin ƙofar fadamar. Katakon da ta rubuta shekara biyu da suka wuce ya koɗe, rana da ruwa sun cinye rabin haruffan. Ta ciro shi ta jefa a bayan mota. Akwai ragowar fenti a gida, kuma tana so ta sake rubuta shi kafin baɗi.